Ya Ƙi Ne Ko Ya Kasa?

Akwai wasu kalmomi guda biyu da mukan yi amfani da su dare da rana ba tare da mun tsaya mun auna nauyinsu ba, watau "ƙi" da "kasa". Idan aka sa yaro aiki aka dawo aka tarar bai yi ba, ɗayan biyu za a ce: ko ya ƙi, ko ya kasa. A fatar baki tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, amma wajen yanke hukunci tazarar gabas da yamma ce, domin kuwa wanda ya ƙi faɗa da bulala ne rabonsa, wanda ya kasa kuwa uzuri ake yi masa, wani lokaci ma har a kama masa. To, mai karatu, da me muke rarrabe wanda ya ƙi da wanda ya kasa, alhali kuwa ba mu taɓa shiga zuciyar kowa ba?

Ma'aunin da akasarinmu muke aiki da shi mai sauƙi ne. In mun taɓa ganin mutum ya yi abu, to ya iya. In kuwa ya iya sa'an nan bai yi ba, to ya ƙi ke nan. "Ai jiya ya yi," in ji uwa. "Ai in ya ga dama yana yi," in ji malami. Da wannan ma'auni aka rene mu, da shi kuma muke renon namu, ba kuma zan ce ba shi da amfani ba. Sai dai ina so in aza shi a kan wasu mutane da ya daɗe yana tauye wa mudu, watau waɗanda lalurori biyu na ƙwaƙwalwa suka haɗu a jikinsu: otizim, da kuma lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD.

Bari mu fara da otizim. Wasu kafofin watsa labaranmu kan kira ta galahanga, amma na kauce wa wannan kalma da gangan, saboda an loda mata kaya iri-iri har ba a san wanne ta ɗauko ba. A shekarar 1943 wani likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, mai suna Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11, maza 8 mata 3, waɗanda ya ga sun yi tarayya a cikin abubuwa biyu. Na farko, cuɗanya da mutane tana yi musu wuya tun suna ƙanana. Na biyu, suna da tsananin son kowane abu ya zauna yadda suka saba da shi, ta yadda in aka canja wa kujera wuri, ko aka bi da su wata hanya daban, sai hankalinsu ya tashi ƙwarai da gaske. A yau an fahimci cewa lalurar faɗi gare ta: akwai wanda ba ya magana sam, akwai kuma wanda ke koyarwa a jami'a. Da yawansu ƙara da haske da taɓin wasu tufafi kan dame su fiye da yadda suke damun sauran jama'a.

Ita kuwa ɗaya lalurar, kusan yara biyar cikin ɗari ne ke da ita a duniya. Mai ita yakan sha wuya wajen tsare hankalinsa a kan abin da bai burge shi ba, yakan manta, yakan yar da kaya, yakan aikata kafin ya yi tunani, wani kuma zama wuri ɗaya ya gagare shi. Zuciyarsa kullum tana neman sabon abu.

Wanda ya dubi waɗannan bayanai biyu zai ce ai hannun riga suka yi. Ɗaya na neman abin da ya saba, ɗaya na gudun abin da ya saba. Hankalin ɗaya in ya kama abu ya ƙi saki, na ɗaya kuma ya ƙi kamawa. Haka su ma likitocin suka ɗauka na tsawon lokaci. Kundin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, wanda ake kira DSM, wanda kuma likitoci a ƙasashe da dama ke dubawa kafin su sa wa ciwo suna, a bugunsa na 1994 ya hana a ce wa mai otizim yana da lalurar ƙarancin natsuwa. Hujjar ita ce, duk wani rashin natsuwa da aka gani a wurinsa reshe ne na otizim ɗin. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na wancan zamani shi ma a kan wannan turba yake. Sai a shekarar 2013, da bugu na biyar ya fito, aka ɗage wannan shinge, aka yarda mutum ɗaya yana iya ɗaukar sunayen biyu.

Abin da ya tilasta canjin shi ne yaran da kansu. Wani bincike da aka gudanar a Ingila aka wallafa a 2008 a kan yara 112 masu otizim ya tarar kashi 28 cikin 100 sun cika sharuɗɗan ɗaya lalurar, wasu binciken kuma sun sami adadin da ya haura haka nesa. Nazarin tagwaye a Ingila, da na rajistar iyalai a Suwidin, sun nuna cewa gado yana da babban hannu a cikin kowace ɗaya, kuma wani ɓangare na abin da ake gadon ɗaya ne a lalurorin biyu. Shi ya sa za ka ga gida guda, wa yana da wannan, ƙane yana da waccan. Ashe dai iyakar a takarda take. Kusan shekara ashirin littafi yana cewa ba a haɗa su, su kuwa yaran suna zaune a gaban likita sun haɗa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙa sassauta murya in yana yanke hukunci a kan abin da ɗan Adam zai iya kasancewa da abin da ba zai iya ba, tunda masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan aikin ma sai da suka gyara nasu.

Amma ba tarihin kundin likitoci ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Mu koma kan ƙi da kasa.

Mu ƙaddara wani yaro ɗan shekara tara, ba sai mun raɗa masa suna ba, wanda lalurorin biyu suka haɗu a kansa. Yana son jirgin ƙasa kamar ransa. In ka ba shi takarda zai yi sa'a uku yana zana taragu da ƙafafunsu bai ɗaga kai ba, har tuwonsa ya huce. Washegari a aji an ba shi lissafi guda biyar, minti goma sun gagare shi. Yana bukatar tsari, in aka sauya lokacin tashi daga makaranta ba a gaya masa ba sai ya birkice. Amma shi da kansa ba ya iya riƙe tsarin, kullum ya manta littafi, kullum takalmi ƙafa ɗaya ya ɓata. Yana ɗokin zuwa gidan biki saboda son sabon abu, in an je kuma kiɗa da hayaniya su cika masa kai, ya toshe kunne ya fashe da kuka, a ce ya kunyata uwarsa a cikin mutane. Ba ya kama da hoton da mutane suka sani na mai otizim, domin surutu gare shi da shisshigi. Ba ya kuma kama da hoton mai ƙarancin natsuwa, domin an ga ya natsu sa'a uku. Kowace lalura ta zama mayafin 'yar'uwarta. Da yake bai dace da kowane suna ba, sai a ba shi sunan da ke kusa da baki: marar ji, mai kunnen ƙashi, shagwaɓaɓɓe.

Dubi hujjar da aka kafa a kansa. Sa'a ukun nan da ya yi yana zane su ne shaidar da za a gabatar a kan cewa ya iya natsuwa, saboda haka minti goman da ya kasa ƙi ne. Watau ƙwazonsa ne ya zama mai ba da shaida a kansa. Da bai taɓa natsuwa ba ko sau ɗaya, da an tausaya masa.

A nan ne nake ganin ma'auninmu ya karkace. Mun ɗauki iyawa tamkar kuɗi a aljihu, wanda in kana da shi jiya ba ka kashe ba, to yau ma yana nan, in ba ka fitar ba rowa ce. Alhali akwai iyawar da ta fi kama da ruwan rijiya, wanda yawansa ya danganta da damina da rani da kuma yawan waɗanda suka riga ka ja. Ko a cikinmu masu ganin lafiyarmu lau, wa bai taɓa neman barci ya rasa ba, alhali jiya ya yi shi har da munshari? Wane marubuci ne a cikin masu karanta wannan mujalla bai taɓa zama gaban farar takarda ya kasa jan layi ɗaya ba, bayan makon jiya ya cika shafi goma a zama guda? Ba wanda ya ce masa ya ƙi. Mun yi wa kanmu uzuri domin mun san abin daga ciki.

Masana sun ce akwai wasu ayyuka na ƙwaƙwalwa da ke tsara sauran, waɗanda zan kwatanta da aikin madugu a ayari: shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, shi ke tuna abin da aka ɗauko da inda aka nufa, shi ke juya ayari in hanya ta ɓaci. A lalurorin nan biyu duka madugun yakan sami tangarɗa, ko da yake ba iri ɗaya ba. A ɗaya, tayar da ayari da tsare shi a kan hanya ne ke wuya. A ɗayar, juya shi in ya miƙe. Wanda ya haɗa biyun yakan sha wuya wajen farawa, in ya fara kuma ya sha wuya wajen tsayawa. Jakuna lafiyayyu, kaya tsaf, hanya sananniya, amma ayari na tsaye. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Russell Barkley, ya daɗe yana nanata cewa matsalar mai ƙarancin natsuwa ba ta rashin sanin abin da ya kamata ba ce, ta aikata abin da ya sani ce a lokacin da ake bukata. To, mu kuwa duk tarbiyyarmu a kan sanarwa ta ginu: a gaya masa, a sake gaya masa, in bai yi ba a gaya masa da bulala. Muna ta ƙara wa ayari kaya, alhali madugu ne bai ce a tashi ba.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai muka faɗa wannan rami. A shekarar 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya gabatar da laccoci uku a kan yara masu irin wannan hali na rashin kamun kai, ya kuma kira abin da ke damunsu naƙasa a wajen sarrafa kai ta fuskar ɗabi'a. Abin lura, shi Still yana ƙoƙarin nuna cewa lalura ce, ya ma lura cewa horo ba ya yi wa da yawansu magani, amma harshen zamaninsa bai ba shi wata kalma ba sai ta ɗabi'a. A ɓangaren otizim kuwa laifin kan iyaye mata aka jibga shi, aka ce sanyin zuciyarsu ne ya sa 'ya'yansu suka janye daga duniya, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya yayata a littafinsa na 1967. Sai da nazarin tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter ya fito a 1977 ya nuna ƙarfin gado, sa'an nan wannan zargi ya fara mutuwa. Iyaye mata nawa suka shiga kabari da wannan ƙullin a zuciya? Da alama ɗan Adam, Bature ne ko Bahaushe, in ya ga abin da bai gane ba, mai laifi yake fara nema kafin dalili.

Mu ma muna da namu salon. Harshenmu da kansa ya haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya: "ba ya ji" na nufin kunnensa bai ɗauka ba, yana kuma nufin ya ɗauka ya yi watsi. Sa'an nan abubuwan da muke auna yaron kirki da su, ladabi da kunya da natsuwa da iya gaisuwa, kusan dukansu a wuraren da lalurorin nan ke taɓawa suke. Yaron da ya wuce babba bai gaishe shi ba, wataƙila hankalinsa ya tafi wani wuri bai ma gan shi ba, wataƙila kuma ya gan shi amma bai gane cewa tsayuwar nan da kallon nan jiran gaisuwa ake yi ba. Dalilai biyu mabambanta, hukunci ɗaya: ba shi da tarbiyya, a kuma bi shi da zagin gidansu. Wani abin mamaki kuma, al'adar tamu takan ɓoye abin ta wata fuskar. Likitocin Turai suna lissafa rashin haɗa ido cikin alamomin otizim, mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban manya yabonsa muke yi. Yarinya mai shiru-shiru wadda ba ta shiga cikin ƙawaye, hankalinta kuma kullum yana wani wuri, sai a ce kunya gare ta, ta yi hankali. Tana iya girma har ta yi aure ba wanda ya san irin dakon da take yi, sai ran da hidimar gida da ta 'ya'ya ta fi ƙarfin madugunta, a wayi gari mai hankalin jiya ta zama ƙazama, malalaciya.

To, amma fa akwai magana a ɗaya gefen, ba kuwa ƙarama ba ce. Wani zai ce: in muka buɗe wannan ƙofa, wa zai rufe ta? Kowane malalaci sai ya ce madugunsa ne ya yi barci. Kuma shi mai lalurar, yaro ne kamar kowane yaro, yana da ranar da zai ƙi da gangan, ya kuwa san ya ƙi. Ashe za a ce duk abin da ya yi ba shi da laifi?

Ban ce haka ba, kuma ina ganin faɗin haka wata cutar ce da ta fi bulala zafi. Wani masanin falsafa na Ingila, Peter Strawson, a wata maƙala da ya gabatar a 1962, ya bambanta hanyoyi biyu da muke kallon mutane. Akwai wanda muke jin haushinsa in ya ɓata mana, mu gode masa in ya kyauta, mu yafe masa in ya nemi gafara. Wannan mun ɗauke shi abokin zama. Akwai kuma wanda muka daina jin haushinsa domin mun mai da shi abin lallaɓawa kawai, kamar yadda ba a fushi da ruwan sama. Cire mutum daga sahun waɗanda ake tuhuma, cire shi ne daga sahun waɗanda ake yabo. Yaron da aka ce ba ya laifi an gaya masa ke nan cewa alherinsa ma ba nasa ba ne. Manya da yawa masu waɗannan lalurori, da suka yi rubutu a kan rayuwarsu, ba tausayi suke nema ba. So suke a tuhume su a kan abin da ke hannunsu, a bar tuhumarsu a kan abin da ba ya hannunsu.

Saboda haka sanin lalura ba ya share alhaki, matsar da shi yake yi zuwa inda ya dace. Mai ciwon sukari ba a zarginsa don jikinsa ya kasa sarrafa sukari, amma in ya girma ya san ciwonsa, ana iya tambayarsa me ya sa ya yi sakaci da abin da likita ya ɗora shi a kai. Haka wanda ya san mantuwa gare shi: ba laifinsa ba ne da alkawari ya zame masa daga kai, amma rubuta shi, da neman mai tuna masa, da zuwa ya ba da haƙuri in ya saɓa, waɗannan a wuyansa suke gwargwadon shekarunsa da ƙarfinsa. Kafin ya kai nan kuwa, alhakin a wuyan manya yake, su ne za su gina masa abin dogarawar. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai mai tanƙwarawa ya kamata ya san wane icce ne a hannunsa, don ba yadda ake lanƙwasa geza ake lanƙwasa ƙirya ba.

Ko magani ma ya nuna haɗuwar biyun aba ce mai zaman kanta. Ƙwayar methylphenidate, wadda aka fi ba masu ƙarancin natsuwa, takan taimaki kusan bakwai cikin goma na yaran da ke da wannan lalura ita kaɗai. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2005 a kan yara masu otizim da yawan motsi, kusan rabi ne kawai ta yi wa amfani, kashi 18 cikin 100 kuma dole aka dakatar da su saboda illar da ta yi musu. Ita kuwa otizim kanta ba ta da wata ƙwaya da ke kawar da ita. Ke nan ko a hannun likita, sunayen biyu ba su sa aikin ya zama ɗaya a tara da ɗaya ba. Sai an zauna an karanci wannan yaron na gabanka.

Wannan karatun shi ne abin da ma'aunin "ai jiya ya yi" ke hana mu. Yana rufe bincike a daidai inda ya kamata a buɗe shi. Na yarda uwa mai 'ya'ya bakwai da malami mai ɗalibai tamanin ba su da sukunin zama su yi wa kowane yaro tafsiri, kuma likitocin da za su iya tantance irin wannan lalura ƙalilan ne a ƙasashenmu, yawancinsu a manyan asibitocin birane. Amma tambayar da nake nufi ba ta bukatar asibiti. In ya yi jiya bai yi yau ba, me ya bambanta jiya da yau? Mu koma wa yaronmu mai zanen jirgi. Malaminsa ya rantse cewa ranar Talata ya gama lissafinsa tsaf, ranar Laraba kuwa ko ɗaya bai taɓa ba, kuma gaskiya malamin ya faɗa. Abin da bai lissafa ba shi ne, ranar Talata an kwana ana ruwa, rabin ajin ba su zo ba, mai injin niƙan da ke bayan taga bai tayar da injinsa ba, lissafin kuma a kan allo aka rubuta shi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba aji ya cika maƙil, injin yana ta ruri, an sauya masa wurin zama ba a gaya masa ba, tambayoyin biyar kuma da baki aka karanto su a jere, sau ɗaya.